Igiyar awo a hannun uwa: yadda bincike ke gyara aikin likita a Nijar

A gidaje da yawa na jihohin Damagaram da Maraɗi akwai wata ƴar igiyar roba mai launi uku, ja da ruwan ɗorawa da tsanwa, wadda uwaye ke ajiyewa tare da karnen yaro. Da ita uwa ke auna damtsen ɗanta don ta gane ko tamowa ta fara kama shi. A da, wannan awo aikin ma'aikacin lafiya ne ko na rele, wato mai aikin sa kai da ke zagaya ƙauyuka. Abin da ya mayar da igiyar hannun uwaye shi ne wani bincike da aka yi a gundumar Mirya, wanda daga baya ƙasashe da dama suka kwaikwaya.

Labarin wannan igiya misali ne na wani salon binciken lafiya da ke farawa daga halin da marar lafiya yake ciki: nisan gidansa da likita, abin da ke aljihunsa, zafin garinsu, da abin da iyalinsa za su iya yi da kansu. An yi irin wannan bincike sau da dama a Nijar, ya kuma canza yadda ake jinyar yara. Amma har yanzu akasarin kuɗinsa daga waje yake zuwa, masanan ƙasar da za su jagorance shi kuma ba su wadata ba.

Bincike don wa?

A shekarar 1990, wani kwamitin masana na duniya ya nuna cewa ɗan ƙanƙanin kaso ne na kuɗin binciken lafiya ke tafiya ga cututtukan ƙasashe matalauta, alhali a can ne aka fi mutuwa daga cututtukan da ake iya magancewa. Daga nan aka samo abin da ake kira giɓin 10 da 90: kusan kashi 10 na kuɗi ga matsalolin da suka shafi kashi 90 na masu fama. Sakamakon haka shi ne magunguna da ƙa'idojin jinya da yawa an tsara su ne a wuraren da wuta ba ta ɗaukewa, asibiti yana kusa, likitoci kuma suna da yawa.

Idan irin wannan ƙa'ida ta iso ƙaramin gidan likita na ƙauye, inda ma'aikaci ɗaya ke duba garuruwa da dama, sai ta tarar da wata duniya dabam. Allurar da ke son sanyi tana lalacewa in firigo ya tsaya. Maganin da ake cewa a dawo a karɓa kowane mako yana gagarar uwar da ke tafiyar kilomita 15 a ƙafa ko a amalanke. Kusan kashi 80 cikin 100 na ƴan Nijar a karkara suke zaune, don haka wannan shi ne halin mafi yawan marasa lafiya.

Binciken da ke sa marar lafiya a gaba yana yin tambayoyi biyu a lokaci guda. Ta farko ita ce ta inganci: shin maganin yana warkarwa a nan, a jikin waɗannan mutane? Ta biyu ita ce ta adalci: shin yana kai wa ga na nesa da marar hali, ko kuwa yana tsayawa a birni? Amsar ɗaya ba ta wadatarwa in babu ɗayar.

Mirya: da aka amince da uwa

Bayan yunwar 2005, jinyar tamowa ta canza a Nijar. A shekarar nan ƙungiyar MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, akasarinsu a gida, da abincin nan na gyaɗa mai suna Plumpy'Nut wanda jama'a ke kira biskit. Yaron da ke iya cin abinci kuma ba shi da wata cuta mai tsanani ana ba shi biskit a CRENAS ya koma gida. Wanda jikinsa ya yi nauyi shi ake kwantarwa a CRENI.

Matsalar da ta rage ita ce jinkiri. Yara da yawa ba sa isowa sai sun galabaita, saboda rele ba ya iya ganin kowane yaro kowane mako. Ƙungiyar BEFEN ta likitocin Nijar da abokiyar aikinta ALIMA suka yi tambaya mai sauƙi: mutumin da ke ganin yaro kullum ita ce uwarsa, to me zai hana ta yi awon da kanta? Wasu na shakka, suna ganin macen da ba ta shiga lakwal ba ba za ta iya ba.

Maimakon gardama, sai aka gwada. A 2011 an fara da ƙaramin gwaji a Mirya, aka kwatanta awon uwaye da na ma'aikata, aka ga bambancin kaɗan ne. Daga 2013 zuwa 2014 aka yi babban gwaji na shekara guda a yankuna biyu. A Dogo an koya wa uwaye da masu renon yara sama da 12,000 yadda ake awo. A Takeita kuwa aka bar aikin a hannun rele kamar yadda aka saba.

Darasin gajere ne. Ana naɗa igiyar a tsakiyar damtsen yaro mai wata 6 zuwa shekara 5. Tsanwa na nufin lafiya lau. Ruwan ɗorawa, wato tsakanin milimita 115 da 125, na nufin tamowa ta fara. Ja, wato ƙasa da milimita 115, na nufin a tafi likita ba tare da ɓata lokaci ba. An kuma koya musu duba kumburi: a danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro biyu na daƙiƙa uku, in gurbin yatsa ya zauna, shi ma alamar haɗari ce.

Sakamakon da aka wallafa a 2016 ya nuna cewa awon uwaye bai gaza na rele ba. Yaran Dogo sun fi isowa likita da wuri, waɗanda suka buƙaci a kwantar da su sun fi kaɗan, kuɗin da aka kashe kuma ya yi ƙasa sosai. Ga iyali wannan ba ƙaramin abu ba ne. Kwanciya a CRENI na nufin uwa ta bar sauran ƴaƴanta da gonarta na kwanaki, galibi a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya ƙare, masassarar cizon sauro kuma ta yi yawa. Yau ana amfani da wannan dabara a ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, ta kuma ƙara yaɗuwa a 2020 lokacin da korona ta hana ma'aikata zagaya gidaje.

Madarunfa: rigakafin da bai damu da firigo ba

Zawo na cikin manyan cututtukan da ke kashe ƙananan yara a Sahel, kuma wata ƙwayar cuta mai suna rotabirus ce ke haddasa kaso mai yawa na zawo mai tsanani ga jarirai. Akwai rigakafinta tun 2006, amma na farkon suna buƙatar a riƙe su cikin sanyi tun daga masana'anta har bakin yaro. Duk wanda ya san watan Afrilu a Maraɗi ya san wahalar hakan.

Cibiyar bincike ta Epicentre, wadda ke da reshe a Maraɗi, ta gwada wani sabon rigakafi na kamfanin Serum Institute na Indiya a gundumar Madarunfa, tare da ma'aikatar kiwon lafiya. An sarrafa shi ne ta yadda zai jure zafi na watanni. Jarirai suna shan sa sau uku, a mako na 6, na 10 da na 14.

Yadda ake irin wannan gwaji ya cancanci bayani. Ana raba yara gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Kashi ɗaya ya sami maganin, ɗayan kuma ya sami wani abu mai kama da shi wanda babu magani a ciki. Uwa ba ta san wanne ɗanta ya samu ba, ma'aikacin da ke duba yaron ma bai sani ba, don kada zato ya shiga lissafi. Sai a bi yaran duka, a yi jinyar duk wanda ya yi ciwo, a ƙirga.

Cikin jarirai 3,508 da aka yi lissafi da su, 31 ne suka yi zawon rotabirus mai tsanani a ɓangaren rigakafi, a ɗaya ɓangaren kuwa 87. Wato rigakafin ya rage cutar da kusan kashi 67 cikin 100. An wallafa sakamakon a 2017, kuma a 2018 hukumar lafiya ta duniya OMS ta amince da rigakafin, abin da ya ba hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya damar sayen sa don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

A Madarunfar dai, wani bincike ya nuna dalilin da ya sa ba a ɗaukar sakamakon wata ƙasa a kan na kowa. A 2013 wani gwaji a Malawi ya nuna cewa ba yara masu tamowa mai tsanani maganin kashe ƙwayoyin cuta yana taimaka musu su warke. Da aka gwada amoksisilin a kan yara kusan 2,400 a Madarunfa tsakanin 2012 da 2013, bambancin warkewa bai taka kara ya karya ba: kusan kashi 66 ga waɗanda suka sha, kashi 63 ga waɗanda ba su sha ba. Sai dai maganin ya ɗan rage yawan waɗanda aka tura asibiti. OMS ta ci gaba da ba da shawarar a riƙa ba da shi, amma masana sun fahimci cewa amfaninsa na iya bambanta daga wuri zuwa wuri, ya danganta da cututtukan da suka fi yawa da kuma kulawar da yaro ke samu.

Dosso da Tawa: amfani da haɗari a sikeli ɗaya

Wani binciken da ya ja hankalin duniya shi ne na azitromisin. An daɗe ana raba wannan magani a ƙauyuka don yaƙar amosanin ido, sai masana suka lura kamar mutuwar yara tana raguwa a inda aka raba shi. Aka shirya babban gwaji mai suna MORDOR a Nijar, Malawi da Tanzaniya, inda ake ba yara daga wata 1 zuwa shekara 5 maganin sau biyu a shekara. A Nijar an yi aikin ne a gundumomin Boboye da Loga na jihar Dosso.

Sakamakon 2018 ya nuna mutuwar yara ta ragu da kashi 13.5 cikin 100 a ƙasashen uku gaba ɗaya. A Nijar raguwar ta kai kashi 18, a Malawi kusan 6, a Tanzaniya kusan 3. Wato maganin ya fi amfani a inda yara suka fi mutuwa. Amma binciken ya gano wani abu mai tayar da hankali: a ƙauyukan da aka raba maganin, ƙwayoyin cuta da suka daina jin sa sun ƙaru.

Saboda wannan haɗari, a 2020 OMS ta ba da shawarar a taƙaita rabon ga jarirai masu wata 1 zuwa 11, kuma a ƙasashen da mutuwar yara ta yi yawa kawai. Sai aka sake wani gwaji a jihohin Dosso da Tawa mai suna AVENIR. Sakamakonsa na 2024 ya nuna cewa ba dukkan yara ƴan ƙasa da shekara 5 maganin ya rage mutuwa da kashi 14, ba jarirai kaɗai kuwa bai nuna raguwar da za a dogara da ita ba. Abin da aka ƙirga a ƙauyukan Nijar ya sa dole a sake duban shawarar da aka rubuta a Janiba.

Wannan ba izini ba ne ga kowa ya sayi azitromisin a kasuwa ya ɗura wa yaro. Rabon da aka gwada yana da awo da lokaci, ana kuma bin diddigin ƙwayoyin cutar a labo. Shan irin wannan magani barkatai shi ke sa ranar da aka buƙace shi da gaske ya ƙi aiki.

Abin da ma'aunin zafi ba ya aunawa

Ingancin jinya bai tsaya ga magani ba. Akwai tarbar da aka yi wa mutum, da jiran da ya sha, da ko an yi masa bayanin ciwonsa cikin harshen da yake ji. Wannan fanni ne na masu nazarin zamantakewa, kuma Yamai na da cibiyar da ta yi suna a kai, wato LASDEL, wadda aka kafa a 2001.

A 2003 Yannick Jaffré da Jean-Pierre Olivier de Sardan suka jagoranci wallafa littafin Une médecine inhospitalière, bayan bincike a gidajen likita na Yamai, Bamako, Dakar, Abijan da Konakiri. Masu binciken sun zauna a ɗakunan jira da ɗakunan haihuwa, suna kallo, suna sauraron marasa lafiya da ma'aikata. Sun tarar da abin da jama'a ke faɗa a ɓoye: mai dangi ko aboki ko sanayya a cikin ma'aikata yana wucewa gaba, wanda bai san kowa ba yana jira, ana masa tsawa, ana rubuta masa takardar magani ba tare da bayani ba. Sun kuma nuna ɗaya gefen: ma'aikata masu ƙaramin albashi, ba kayan aiki, ba mai duba aikinsu, ba mai yaba wa nagari.

Irin wannan bincike ne ya bi sawun shirin jinya kyauta. A 2005 gwamnati ta soke kuɗin tiyatar haihuwa, a 2006 kuma ta ƙara da jinyar yara ƴan ƙasa da shekara 5 da awon ciki. Uwaye sun amsa, zuwa likita ya ƙaru ƙwarai. Wani nazari da aka wallafa a 2012 tare da hukumar ƙididdiga ta ƙasa INS ya nuna mutuwar yara ƴan ƙasa da shekara 5 ta sauko daga 226 cikin 1,000 a 1998 zuwa 128 a 2009, ya kuma danganta hakan da gidan sauro, yaƙi da tamowa, ƙananan gidajen likita na karkara da jinya kyauta. Amma masu bincike sun nuna inda gizo ke saƙa: gwamnati tana jinkirin mayar wa gidajen likita kuɗinsu, bashi ya taru har miliyar da dama na sefa, farmasin CSI ya bushe, uwa ta koma sayen magani a waje. Mai hali ya saya, marar hali ya koma gida hannu rabbana.

A Damagaram kuma, wani bincike na 2007 kan dalilin da ke hana mata zuwa awon ciki da haihuwa a likita ya nuna cewa sau da yawa izini da kuɗin mota a hannun maigida suke. Daga nan aka kafa makarantun mazaje tare da tallafin UNFPA, inda magidanta ke zama suna tattauna lafiyar iyali, suna kuma jawo hankalin ƴan uwansu. Tambayar mutane ce ta nuna ƙofar da ya kamata a ƙwanƙwasa.

Yarda: darasin Kano

Babu binciken da zai yiwu in babu yardar jama'a, kuma Hausawa na da dalilin yin taka-tsantsan. A 1996, lokacin babbar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a kan yara a Kano. Yara kusan 200 ne suka shiga gwajin, 11 suka mutu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu cewa gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce sanƙarau ne ya kashe yaran, kuma an nemi yardar iyaye da baki. A 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da amsa laifi ba. Wannan tarihi na cikin abubuwan da aka riƙa ambata lokacin da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a arewacin Najeriya a 2003, kuma raɗe-raɗin ya ƙetaro iyaka.

Ƙa'idojin kare mutane a bincike sun daɗe, tun sanarwar Helsinki ta 1964. A Nijar akwai kwamitin ɗa'a na ƙasa da ke duba kowane binciken lafiya kafin a fara shi. Dole a bayyana wa mutum abin da za a yi, amfaninsa da haɗarinsa, cikin harshensa. Dole ya yarda ba tare da tilas ba. Yana da ikon fita a duk lokacin da ya so, kuma fitarsa ba za ta hana a yi masa jinya ba. Amincewar maigari ko limami tana buɗe ƙofa, amma ba ta maye gurbin yardar uwa da uba.

Su wa za su yi binciken?

Nijar na da tushe. Cibiyar CERMES ta Yamai ta fara aiki tun ƙarshen shekarun 1970 a kan sanƙarau da tsargiya, ta zama ta ƙasa a 2002, tana kuma cikin ƙawancen cibiyoyin Pasteur. Labo irin nata ne ke faɗin wane nau'in sanƙarau ke yawo. Bayan rigakafin MenAfriVac da aka fara a 2010 ya karya lagon nau'in A, a 2015 nau'in C ya ɓulla, ya kama mutum sama da 8,000, ya kashe sama da 500. In ba a gane nau'in ba, za a yi ta allurar da ba ta dace ba. Haka kuma a Janairun 2025 OMS ta tabbatar da cewa Nijar ce ƙasa ta farko a Afirka da ta kawar da cutar makantar bakin kogi, hujjar kuwa ta fito ne daga shekarun da ma'aikata suka yi suna kama ƙudajen da ke yaɗa ta, suna gwada jinin mutane.

Wajen horo, jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana yaye likitoci tun shekarun 1970. Jami'o'in Maraɗi, Damagaram da Tawa sun samu a 2010, kuma ta Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi da ta André Salifou a Damagaram suna da sashen koyon likitanci. Makarantun ENSP na Yamai da Damagaram suna horar da ma'aikatan jinya da sajfam. Duk da haka, ma'aunin da aka saba ambata shi ne likita 1 ga mutum 10,000, Nijar kuwa ba ta kai rabin haka ba, kuma kaso mai yawa na likitocin a Yamai suke. Likitan gunduma da ke duba layin marasa lafiya tun safe har magariba ba shi da lokacin bincike.

Bincike kuma ba aikin likita kaɗai ba ne. Yana buƙatar masanin yaɗuwar cututtuka, masanin lissafi da zai tantance ko bambanci na gaske ne ko sa'a ce, ma'aikacin labo, mai kula da bayanai a kwamfuta, da mai nazarin zamantakewa. Horar da mutum ɗaya har matakin doktora yana cin shekaru, galibi da wani ɓangare a Dakar, Wagadugu, Faransa ko Kanada. In ya dawo bai tarar da labo ko albashin kirki ba, sai ya koma ƙungiyar agaji ko ya sake fita.

Akwai dalilin da ya sa ɗan ƙasa ke da muhimmanci a wannan aiki. Ana koyar da likitanci da Faransanci, marasa lafiya kuwa suna bayanin ciwonsu da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Barbarci ko Buzanci. Uwar da ta ce ɗanta haƙori yake fitarwa, ko maɗigarsa ta faɗa, tana iya nufin zawon da ya zuƙe ruwan jikinsa. Mai binciken da ya tashi cikin wannan harshe ya san yadda zai yi tambayar da za ta fito da amsar gaskiya. Shi ne kuma zai zauna bayan aikin ya ƙare, ya ga ko an yi amfani da sakamakon.

Akwai ƙorafin da masanan Afirka ke yawan yi: ana tattara bayanai a ƙauyukansu, a yi lissafi a waje, sunan baƙo ya zo a farkon rubutu. Wannan ya wuce batun alfahari, domin hukumar CAMES da ke ƙara wa malaman jami'a girma tana duba rubuce-rubucen da mutum ya wallafa. Malamin da bai samu ƙarin girma ba ba zai iya jagorantar ɗaliban doktora ba, sai giɓin ya ci gaba. A ɗaya gefen, kowane ɗalibin likitanci yana rubuta kundin bincike kafin ya fita, akasarinsu a kan marasa lafiyar asibitocin ƙasar, amma da yawa suna ƙarewa a kan kanta ba wanda ya buɗe.

Mai kuɗi shi ke zaɓen tambaya

A Abuja a 2001, shugabannin Afirka sun yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafinsu ga lafiya. A taron Bamako na 2008 an sake jaddada kiran a ware kashi 2 cikin 100 na kasafin ma'aikatar lafiya ga bincike. Ƙasashe kaɗan ne suka cika ko ɗaya. Manyan gwaje-gwajen Madarunfa da Dosso da kuɗin waje aka yi su.

Illar hakan biyu ce. Ta farko, mai ba da kuɗi shi ke zaɓen cutar da za a bincika. Lafiyar yara da cututtuka masu yaɗuwa suna samun tallafi, amma hawan jini, ciwon suga, amosanin jini, ciwon ƙoda da taɓin hankali, waɗanda ke cinye dukiyar iyalai a Maraɗi da Tawa, ba sa samun irin wannan kulawa. Ta biyu, tallafi yana iya yankewa dare ɗaya, kamar yadda aka gani a 2025 da Amurka ta rufe hukumarta ta USAID. Cibiyar da ke rayuwa daga wannan kwangila zuwa waccan ba ta iya riƙe ƙwararrunta.

Ba kowane bincike ne ke son miliyoyin dala ba. Majon CSI da ya duba rajistarsa ya gano ƙauyukan da matansu ba sa dawowa awon ciki na biyu, ya je ya tambayi dalili, ya yi bincike. Asibitin da ke zama bayan mutuwar kowace mai haihuwa don gano inda aka yi jinkiri, ba don neman mai laifi ba, shi ma haka. Abin da irin wannan aiki ke buƙata shi ne horo, lokaci, da shugaban da zai karanta rahoton.

Idan masu bincike suka zo unguwa

Iyali na da tambayoyin da ya halatta su yi kafin su sa hannu ko su dangwala yatsa. Wa ya aiko ku, kuma ina takardar izinin kwamitin ɗa'a? Me za a ba yaron, kuma wane haɗari aka sani? In ya yi rashin lafiya, wa zai biya jinya? In an ɗebi jini, ina za a kai shi, me za a yi da shi? In mutum ya ƙi, za a ci gaba da duba shi a likita kamar kowa? Mai bincike na gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, amsa su na cikin aikinsa.

Tambaya ta ƙarshe ita ce wadda aka fi mantawa: yaushe za a dawo a gaya wa gari abin da aka gano? Sakamakon Mirya da Madarunfa da Dosso an wallafa shi ne da Turancin Ingilishi a mujallun da ƴan ƙauyukan ba za su taɓa gani ba. Uwayen da suka kawo ƴaƴansu awo wata bayan wata suna da haƙƙin a zauna da su a dandali, ko a gidan rediyon gari, a faɗa musu cikin harshensu abin da haƙurinsu ya haifar.